Yaro Albasa Ake Masa

A Karangwuni, in ana zancen wanda iska ta fi shiga, ba a kai ga gardama, Parjiyo mai sayar da bakso ne, wato romo da dunƙulen nama. Ba wai sauran mutane iska ba ta shigarsu ba. Duk wanda ruwan sama ya doka a hanyar gona, ko ya hau babur da sassafe ƙirji a buɗe, ya san yadda ake wayar gari da nauyin jiki da kumburin ciki, kuma ya san magani. A tuɓe riga, a kwanta rub da ciki, a shafa mai, a ɗauko tsohon kuɗin ƙarfe a yi ta kankarar baya layi-layi har ya yi ja kamar ƙayar kifi, a yi gyatsa, a miƙe. Kerokan ake ce masa, abin da aka gada tun kaka da kakanni. Sai dai mutum in ya yi sau ɗaya yakan daɗe bai sake ba. Shi kuwa Parjiyo, kafin zanen wancan makon ya dushe an ɗora masa sabo.

In ya turo kurarsa da la'asar yana ƙwanƙwasa kwano da cokali, ya tsaya a rumfar shayin Lik Kardi, to masu zaman rumfar sun samu abin yi.

"Ga mai masaukin iska ya iso," Lik Kardi zai ce yana tsiyaya shayi. "Jiyo, ɗaga rigar mu ga zanen yau."

"Haba Lik, ka bar ni in sayar da abincina."

"Ɗaga mana! Wallahi bayan nan naka ya fi zanen bikin matata ado. Wai kai jikinka ƙofa gare shi ne? Ka je kafinta ya sa maka sakata."

Sai a kwashe da dariya, har da shi. Yakan ɗan ɗaga rigar ya nuna musu, su yi ta salati suna tafa hannu, sannan ya zuba wa kowa romo da dunƙulen nama ya tura kurarsa gaba. Bai taɓa ƙin ɗagawa ba. Gara su gani su yi dariyar iska da su gani su fara tunani.

Mai yi masa kerokan ɗin yayarsa ce, Yu Tentrem, mai kiransa Yo, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ta kuma ci gaba da kallonsa a matsayin ɗan goye har furfura ta fara fito masa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni, tana zaune ita kaɗai a bayan masallaci da kajinta. Tana da wani kuɗin jan ƙarfe na zamanin Turawan mulki, ya sha hannu har rubutunsa ya shafe, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata shi. Abin da ta sani shi ne abin da kowa ya sani: gwargwadon duhun zane, gwargwadon yawan iskar da ke jiki.

"Innalillahi, Yo, dubi nan! Ja ɗaya na yi ya koma baƙi. Wannan wace irin iska ce? Na hana ka shan ruwan ƙanƙara ba ka ji. Tsaya mana, ka daina motsi, sai ka ce yaro!"

Shi kuwa ya cusa fuska cikin matashi yana cizon yatsa, hawaye na zuba. Ita a ganinta ragwanta ce, don tun yana ƙarami ba ya son kerokan. In ta gama ta dafa masa citta da sukarin kwakwa, ta fita tana ba maƙwabta labari, rabi kuka da lamarin rabi alfahari, wai yau ta fitar wa ƙanenta iskar da za ta iya kayar da saniya.

Baiwar Allah, da gaskiyarta take yi. Ba ta san cewa ƙanen nata ya daɗe da gano wani abu ba: duka ba ya nuna kansa nan take. Sai ya ɗan jima kafin wurin ya tara jini ya yi duhu. In mutum ya yi sauri ya kai bayansa ƙarƙashin kuɗin ƙarfe tun wurin yana ja, to duk baƙin da ya fito daga baya, na iska ne. Zafin kankare wurin da aka riga aka doka kuwa, wannan sai wanda ya ɗanɗana.

Winarsih ce ke dukansa, matarsa.

In aka faɗa haka gatsau, sai a zaci wata ƙatuwa ce mai jajayen idanu. Ina! Narsih, kamar yadda ake kiranta, 'yar siririya ce, da ƙyar take kai masa kafaɗa, muryarta ma sai ka matso kake ji. Lokacin da ya aure ta, in kaza za a yanka sai ta shige ɗaki. Mas take ce masa, wato yaya, shi kuma ya ce mata Dik, wato ƙanwa. Bayan ta yaye ɗansu Danang ta tafi aikin gida a ƙasar waje, kamar yadda rabin matan ƙauyen suke yi, kuma da guminta aka rushe gidansu na kara aka gina na bulo. Ta dawo da kunnen hagu ba ya ji, da wani tabo a gefen gira, da bakin da ba ya buɗuwa in an tambaye ta yadda aka yi. In murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura ta kare kanta da hannu. Sannan, kamar wadda ta ji kunyar zaburar, sai idonta ya juye, ta rarumi duk abin da ke kusa. Muciya, hular kwanon babur, maratayin kaya, da mabugin katifa na kara, mai lanƙwasasshen kai kamar fure, wanda ke rataye a bayan ƙofa.

In abin ya sake ta, sai ta zube ta riƙe ƙafarsa tana kuka kamar ranta zai fita. Ta dafa masa abin da ya fi so. Ta yi kwana da kwanaki tana tafiya a hankali cikin gidan, tana kallonsa ta wutsiyar ido. A irin waɗannan ranakun yana ganin yarinyar da ya aura, sai tausayinta ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Mutumin da ke tura kurar bakso ya hau tudun kasuwa da ita ba zai kasa riƙe hannun Narsih ba. Ya gwada sau ɗaya, ta yi wata ƙara irin ta wanda aka danne za a yanka, tana kiran sunan da bai sani ba tana roƙo. Daga ranar bai sake ba. Sai ya juya mata baya, ya dunƙule kafaɗu, ya jira ta gaji.

Wa zai gaya wa? Gida uku tsakaninsu da Bu Sarmi, wadda mijinta ke jibga duk ranar da ya yi asara a cacar faɗan zakaru, kuma duk layin ana ji. Mutanen Karangwuni mutanen kirki ne, ba sa barin maƙwabci ya ɗaga rufin gida shi kaɗai, amma a wannan fannin abin da suka iya shi ne ƙara sautin talabijin. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in ji su, sai su ci gaba da kallonsu. To in mace ta yi ihu an yi mata haka, namiji da ya zo yana cewa matata na dukana me zai samu? Rumfar Lik Kardi ta samu abin dariyar shekara, a dinga nuna Danang a makaranta, a ce Narsih ta haukace. Ciki dai ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Abu ɗaya ya riƙe, kuma shi ne ya sa yake iya barci. Bai taɓa bari ya kai ga yaron ba. Da ya ga idonta ya fara juyewa, sai ya aiki Danang sayen kankana ko ya shiga tsakani ya jawo faɗan kansa. Ya ɗauki bayansa a matsayin katangar gidan. Muddin a kansa abin yake sauka, to yaron na cikin inuwa, haka yake gaya wa kansa.

Ana nan har jajibirin azumi ya zo, ranar da duk ƙauyen ke tafiya idon ruwa wankan shiga Ramadan. Danang ya cika shekara shida, bana zai fara azumin yara, daga asuba zuwa lokacin da ake buga gangar masallaci ta azahar, kuma tun wata guda ba shi da zance sai na wankan. Yu Tentrem ta yi masa alkawarin ita za ta kai shi, har ta saya masa tayar roba mai kan agwagwa. Shi Parjiyo ya riga ya yanke shawarar zama a bakin ruwa da rigarsa yana gadin takalma. Shekaranjiya Narsih ta same shi da mabugin katifa, Yu Tentrem kuwa ta tafi ƙauyen mijinta sharar kaburbura, jiya da yamma ta dawo. Bai samu kuɗin ƙarfe a kan lokaci ba, bayan ya yi duhu da kansa, ba layi ko ɗaya da zai fake da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai dai a ƙi shiga ruwan.

Da hantsi ya dawo daga kasuwa da niƙaƙƙen nama a jaka. Tun daga ƙofa ya ji gidan ya yi shirun da ba ya so. A ɗakin girki ƙullun apem, wainar shinkafar da Narsih ta kwana biyu tana shiri don rabawa maƙwabta, ya malale a ƙasa fari fat, kwanon a kife, tayar agwagwa a gefe ta ɓaci da ƙullu. Narsih na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu, mabugin katifa a kan cinyarta.

"Ina Danang?"

Ba ta ɗago ba. "Iyo yake koya a ƙasa, Mas. Na ce ya fita, na ce ya fita. Sai ƙarar kwanon kawai na ji. Wallahi ban san lokacin da na yi ba."

Jakar naman ta suɓuce masa. Ya shiga ɗaki. Yaron na kwance rub da ciki a kan katifa, ba riga, ba ya kuka, ya gama wannan, sai ajiyar zuciya da ke girgiza shi lokaci-lokaci. A bayansa, ɗan bayan da tafin hannu biyu za su rufe, ga zanen mabugin nan ya fito ɓaro-ɓaro, lanƙwasa kan lanƙwasa, wuri uku, fatar ta tasa ta yi ja. Parjiyo ya san wannan zanen sarai, amma bai taɓa ganinsa da ido ba, don mutum ba ya ganin bayansa. Ya zauna a bakin katifar. Wani baƙin ciki ya rufe shi, kuma ba da Narsih kaɗai yake ba. Katanga ta tafi kasuwa sayen nama.

Ya ji motsinta a bayansa. Ta durƙusa, ta ajiye kwalbar man kwakwa a kusa da gwiwarsa, sannan ta buɗe tafin hannunsa ta sa masa kuɗin ƙarfe.

"Ka yi masa, Mas. Yanzu, tun bai yi baƙi ba. Kai ka san yadda ake yi."

Ya juyo ya dube ta. Ba su taɓa yin wannan zancen ba, ko da wasa. Duk tsawon lokacin nan yana zaton dabararsa ce shi kaɗai, ashe tana kallon fitarsa zuwa bayan masallaci, tana kallon dawowarsa da warin citta, ta san abin da yake zuwa binnewa.

"Yaro albasa ake masa, Dik," ya ce a hankali. "Wa kika taɓa gani ya sa wa ɗan shekara shida ƙarfe?"

"Albasa ba ta barin zane. Me za ta rufe?" Ta matso kusa da shi. "Anjima kaɗan Yu Tentrem za ta aiko a kawo shi. Za ta tuɓe shi a gaban duk garin. Ka ce zazzaɓi ya yi, ka ce albasar ba ta yi aiki ba shi ya sa. Za su yi maka faɗa su manta. Amma in suka ga wannan, Mas, ƙwace min shi za su yi. Ina yaye shi na tafi, na dawo bai san ni ba, sai da na yi shekara kafin ya yarda ya kwana a jikina. Kar ka bari su raba ni da shi. Sau ɗaya ne. Na rantse da Allah ba zan ƙara ba, gobe azumi, ka ji na rantse."

Ya san wannan rantsuwar, ya san kuma da zuciya ɗaya take yin ta. Kullum da zuciya ɗaya take yi. Ya dubi fuskarta, tabon nan na gefen gira, idanun da suka kumbura, ya ji tausayin nan da ya saba ya taso ya lulluɓe shi. Me zai faru in ya ƙi? Ya hango matan ƙauyen a bakin ruwa sun yi cirko-cirko, ya hango Narsih ba ta iya fita ko sayen gishiri. In ya yarda kuwa, zafin ɗan lokaci ne, gobe kowa ya tashi da azuminsa. Ya buɗe kwalbar ya tsiyaya mai a hannu. Ya shafa a gefen bayan yaron, inda babu ciwo. Jikin ya yi zafi, yana ɗan karkarwa.

"Le, ɗana," ya ce, "ka yi haƙuri, zan ɗan..."

"Ka yi da ƙarfi, Bapak," Danang ya ce wa ubansa, fuskarsa a cikin katifa. "In ba ka yi da ƙarfi ba za a gani. Ba zan yi kuka ba. In Lik Kardi ya ce in ɗaga riga, zan ce iska ce, in yi dariya, kamar yadda kake yi."

Hannun Parjiyo ya tsaya a sama.

Ashe duk aiken sayen kankanar nan banza ne. Yaron na laɓe a wani wuri yana gani, yana ji, yana haddacewa, har da dariyar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga shi tun bai fara azumi ba ya iya kwanciya a rufe masa duka. Parjiyo ya ga abin da yake shirin koya masa da hannunsa, ya ga kuma ba yau za a gama ba. Wanda aka yi wa yau, za a yi masa jibi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ta fi ta rumfar shayi nesa ba kusa ba.

Ya ajiye kuɗin a kan katifa. Ya goge hannunsa a wando, ya ɗauko wata rigarsa mai taushi ya zura wa yaron a hankali, ta sauko masa har gwiwa. Sannan ya ɗauke shi ta gaba, ƙirji da ƙirji, hannunsa a ƙarƙashin cinyoyinsa don kar ya taɓa bayan.

Narsih ta riga shi ƙofa, ta baje hannuwa.

"Ina za ka kai shi?"

"Wurin Yu."

"A haka? Mas, a haka?" Idon ya fara juyewa. "Tona min asiri za ka yi? Ni da na wanke kashin tsofaffin wasu na gina maka inda kake kwana? Ajiye min ɗana!"

Marin ya same shi a kunne, na biyu a wuya. Hannuwansa duka suna ɗauke da yaro, ba halin karewa, ba halin juya baya kuma, don in ya juya ta gefe Danang ne zai shiga tsakani. Sai ya tsaya yana kallonta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba a irin wannan lokacin. Ta ɗaga hannu na uku, sai ta ga yaron ya runtse ido ya dunƙule kafaɗu ya cusa kai a wuyan ubansa. Hannun ya sauka da kansa. Ta silale a jikin ƙyauren har ƙasa.

"Kai ma barina za ka yi," ta ce, da wata ƙaramar murya.

"Ba barin ki zan yi ba, Dik. Zan dawo. Amma shi ba zai kwana a nan ba, kuma ni na gama rufewa. Ke ma ciwo ne a jikinki, mun bar shi yana ci."

Ya tsallake ƙafafunta ya fita, zuciyarsa na ce masa ya waiwaya, bai waiwaya ba.

Gari ya cika da haya-haya. A ƙofar masallaci an tsayar da motar a-kori-kura, yara sun riga sun ɗare bayanta da tawul a wuya, mata na loda ƙunshin shinkafa da tempe na waken suya. Lik Kardi na tsaye da gajeren wando, tumbi a waje, ya hango shi.

"Jiyo! Yau dai duk garin zai sha kallon zane kyauta! A'a, me ya samu ɗan naka? Kar dai ka ce gadon iskar ya yi!"

Aka yi dariya. Parjiyo ya ji bakinsa na shirin yin murmushin da ya saba, ya hana shi. Ya wuce su ya bi ta bayan masallaci.

Yu Tentrem na tsakar gida tana cusa zannuwa a jaka. Da ta ga an ɗauko yaron a kafaɗa sai ta saki jakar.

"Wayyo, yau da muka daɗe muna jira? Jikinsa zafi? Na faɗa muku ku daina barinsa yana kwanciya a kan siminti. Kawo shi nan. Kar ka damu ɗan albarka, yanzu zan yanko albasa in murza maka, kafin motar ta tashi ka warke."

Ta shiga ta fito da jar albasa da wuƙa da ɗan kwanon mai, tana ta surutu. Parjiyo ya tsayar da yaron a kan gadon kara da ke baranda. Ta raba albasar biyu, ta tsoma a mai, ta ɗage rigar.

Surutun ya yanke. Kaji na ta tono a gindin ayaba. Ta daɗe tana kallo, albasar na ɗigar mai a kan zanenta.

"Wa ya yi wannan?"

"Iska ce, Bude," Danang ya ce wa gwaggonsa da sauri, har da ɗan murmushi.

Ta ɗago ta dubi ƙanenta. Duk hanyar nan yana shirya maganar, amma da aka zo wurin sai harshen ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Sai ya kama bakin rigarsa ya cire ta ta kai, ya juya mata baya.

"Kai kuma wa ya yi maka kerokan ba na nan?" ta fara, da fushin mai sana'ar da aka yi wa kutse. "Dubi yadda aka..."

Ba ta ƙarasa ba. Ya ji yatsanta a bayansa, tana bin zanen, tana neman layukan da kuɗin ƙarfe ke bari ba ta samu ba. Yatsan ya bi lanƙwasa ɗaya, ya bi ta biyu. Ya ji ta juya ta dubi bayan yaron, ta sake dawowa kan nasa.

"Narsih ce, Yu," ya ce wa bangon da ke gabansa. "Ni da shi duka."

Ta zauna daɓas a bakin gadon. "Tun yaushe?"

"Shi yau ne farko. Ni tun da ta dawo."

"Tun da ta dawo." Ta dubi hannunta na dama, ta juya shi. "Duk zuwan nan da kake yi? Kana cizon matashi ina ce maka rago? Ina dannawa a kan ciwo, Yo? Ina fita ina gaya wa mutane..." Kuka ya ƙwace mata. "Da hannuna! Ni da na goye ka! Me ya sa ba ka ce min uffan ba?"

"Kunya, Yu. Da tausayinta."

Ta yi kukanta mai isarta, sannan ta share fuska da gefen zane, ta ja numfashi, ta koma Yu Tentrem ɗin da aka sani.

"To an gama. Yaron nan a nan zai zauna har sai na ga abin da ya sa zan mayar da shi. Yanzu za mu kai shi wurin ungozoma ta duba bayan, kai ma ta duba naka, kuma ba ƙarya za mu yi mata ba. In mun dawo ni zan je wurin Narsih. Kar ka dube ni haka, ba faɗa zan je yi ba. Yarinyar nan ta dawo mana a karye muka karɓi tsaraba muka yi shiru. Ba za a bar ta ita kaɗai a gidan nan yau ba."

Danang na tsaye a kan gadon yana bin bakinsu da ido. Da ya ji an ambaci ungozoma sai fuskarsa ta canza. Ya diro ƙasa.

"Ai ka faɗa!" ya yi wa ubansa ihu. "Ka riga ka faɗa mata! Ibu ta ce kar a faɗa! Yanzu za su tafi da mamata, kai ka jawo!"

Ya dunƙule ɗan hannunsa ya kai masa duka a ciki, ya ƙara, ya ƙara, yana kuka yana haki. Parjiyo bai san lokacin da jikinsa ya yi abin da ya saba ba: ya runtse ido, ya dunƙule kafaɗu, ya fara juya baya don ya jira yaron ya gaji. Dukan ɗan shekara shida ne, ba zafi. Zai wuce.

Sai ya buɗe ido. Ya juyo, ya durƙusa har fuskarsu ta yi daidai, ya tare hannun a iska, ya riƙe shi cikin nasa, ba da ƙarfi ba, amma bai saki ba. Yaron ya fizga, ya kawo ɗayan, ya riƙe shi ma.

"A'a, Le," ya ce, hawaye na bin fuskarsa. "Ka yi fushi, ka yi kuka, ka yi ihu duk garin ya ji. Amma ba a dukan mutum. Ko ni ne."

Ya ci gaba da riƙewa har ƙananan yatsun suka saki da kansu.